Ƙaf

Na murɗa makulli, ya ce ƙaf.
Na sake, ya ce ƙaf.
Gaisuwar ke nan da jirgin Baba ya yi mini
bayan hunturu biyu yana ɗaure a Douarnenez,
filafilansa a naɗe, cikinsa na warin dizal da laima.

Tangi Kerbrat ya sauko da sifana a aljihun baya,
ko sannu bai ce ba.
Ya ce, Maiwenn, kunna fitilar ciki, sannan ki murɗa.
Na murɗa. Fitila ta yi ja, ta suma.
Ya ce, wuta ce ba ta isowa;
ko batir ya mutu, ko an tare mata hanya.

Muka ɗaga murfi. Kan batir ya tsiro kore-kore,
gishirin teku ya ci tagulla a ɓoye
kamar yadda gara ke cin azara.
Na goga sanfefa har yatsuna suka yi baƙi,
na ɗaure noti, na shafa giris.
Baƙar wayar da ke manne a jikin inji
ita ma ta saki, tana lilo a kan zare uku.

Murɗa ta uku, sitata ta yi tari, ta juya,
ta juya, ta juya,
inji bai amsa ba.

Tangi ya leƙa baya, ya shinshina bakin salansa.
Ba hayaƙi, in ji shi, ko na sigari.
Ba ƙiwuya yake ba, yunwa yake ji.
Rufe famfon ruwan teku tukuna,
kada garin neman gira mu rasa ido.

Gindin filta ruwa ne, rabin kofi, da baƙin dauɗa.
Muka zubar, muka sa sabuwa.
Na danna ƙaramin famfo da babban yatsa
sau ɗari, ko fiye, na daina ƙirga,
kumfa na fita, kumfa na fita,
har mai ya zo tas, launin shayi marar ƙarfi.
Ya sassauta notin nozul. Na murɗa.
A bushe.

Ya zauna a matakala, ya cire hula, ya mayar.
Shekara arba'in yana wannan aiki,
yau injin da ya girme ni ya tsuke masa baki.
Teku ta fara janyewa, laka na fitowa a gefen gada.
Ya ce zai je ya ci abinci ya yi tunani.

Ni na kwanta rigingine da tocila a baki,
ba don na san abin da nake nema ba.
A ƙarƙashin murfin, inda ba mai gani sai wanda ya kwanta,
ga rubutun fensir, karkatacce, hannun Baba:
Wayar kashewa na maƙalewa.
Tura ta da yatsa kafin ka zagi kowa.

Na bi wayar da hannu har bayan famfon mai.
Ɗan ƙarfen yana tsaye, saura faɗin farce ya koma gida.
Wanda ya ja shi na ƙarshe
ya ja ne da yammacin wata Lahadi,
ya ɗaure igiya, ya hau tudu,
bai san ya gama ba.

Na daɗe yatsana na kai.

Na tura. Na ɗaure nozul. Na murɗa.
Ya yi tari biyu, ya girgiza cokula a cikin akwati,
ya kama,
dum, dum, dum, a ƙashin bayana.
Na ruga na buɗe famfon ruwa,
salansa ta fara tofi a kan teku.

Tangi na tafe a gada da burodi a hammata.
Ya tsaya. Ya ɗaga kai yana tambaya.
Na ce masa, Baba ne ya gaya mini.
Ya ce, shi ne bai gaya mana da safe ba?